Dalilin tashin kuɗin gas a Ingila daga Oktoba

Ɗan'uwa, ka tambayi abin da ya sa kuɗin gas ɗinka a Landan ya yi sama tun shigowar Oktoba. Sanyi ne ya kunno kai. Na'urar ɗumama gida da ta huta duk lokacin zafi ta koma aiki, tsofaffin gidajen Ingila kuwa ba sa riƙe ɗumi. Ga shi Ofgem, hukumar da ke sa ido kan kamfanonin gas da lantarki, tana sabunta iyakar farashin da za su iya caji duk wata uku, har da ranar 1 ga Oktoba.

Ka saita na'urar tsakanin digiri 18 da 21, ta riƙa mutuwa idan kun fita. Toshe ƙasan ƙofa, ja labule da magariba. Ka riƙa tura wa kamfanin gas ɗin adadin da mita ta nuna kowane wata, kada su yi maka ƙiyasi. In akwai tsoho a gidan, don Allah kada ɗakinsa ya gaza digiri 18; ɗakin barcin jariri kuwa ya kasance tsakanin digiri 16 da 20.