Dalilin da ya sa muke suya sau biyu

Ɗana, jiya muna tsakar wanke tukwane ka jefo mini tambaya, gajiya ta hana ni ba ka amsa yadda ya kamata. Ka ce fatakon ɗinka, soyayyar agadar nan ta mutanen Kolombiya, ya sha mai ya yi laushi, arefar ƙwai, wainar masarar nan da ake zuba wa ƙwai a ciki, har guda uku sun fashe maka a kasko, don haka kana ganin suya sau biyun nan ɓarnar mai ce da lokaci. Ka ƙara da cewa gashin jak na mutanen Jamaika ai tsire ne da aka cika wa attaruhu, me zai hana mu barbaɗa yajin ƙuli mu huta. Na ji daɗin tambayar, domin wanda ba ya tambaya ba ya iya sana'a.

Mu fara da fatakon, tunda shi ya fi ba ka haushi. Wadda ta koya mini shi wata dattijuwa ce 'yar Barankiya, a bakin tekun Kolombiya, muka yi aiki tare a wani ɗan shago a unguwar Elephant and Castle nan Landan, inda mutanensu suka yi yawa. Abu na farko da take yi idan an kawo agada shi ne ta danna farce a ɓawon. Idan ya fara ja da baya daga kore shar zuwa ruwan ɗorawa, sai ta ture ta gefe ta ce wannan ta wani aikin ce. Gaskiyarta. Agadar da ta fara nuna ta tara zaƙi, shi kuwa zaƙi ƙonewa yake yi a mai kafin cikin ya bushe. Na duba kwandon da ka ɗiba jiya, rabinsa ya fara nuna. To ka ga tun kafin ka hura wuta an riga an ci ka da yaƙi.

Ka yanka ɗanyar agadar da kauri, kamar faɗin yatsu biyu. Suyar farko dafuwa ce kawai a cikin mai, wuta tsaka-tsaki, wajen digiri 160, minti huɗu ko biyar, har wuƙa ta shige ba gardama amma launin bai yi ja ba. Ka tsame, ka danne ta da katakon nan tun da zafinta. Kai kuma jiya ka bar su sun huce kana amsa waya, shi ya sa gefen ya tsattsage. Bayan ka danne, ka ɗan tsoma a ruwan gishiri da tafarnuwa, ka girgije sosai, sannan ka mayar cikin mai mai zafi, wajen digiri 185. Wannan ta biyun ita ce ke korar ruwa daga fuskar ta bar maka ƙaras-ƙaras. In ka jefa ɗanya a mai mai zafi tun farko, waje ya ƙone ciki na nan ɗanye. In kuma ka yi duka biyun a mai mai sanyi, abin da ka gani jiya za ka sake gani. Ka riƙa sauraron kaskon: muddin yana ƙara da ƙarfi ruwa na fita, da ƙarar ta lafa lokacin tsamewa ya yi.

Arefar ƙwai ta fi wannan son natsuwa. Garin Luruwako, tsakanin Barankiya da Kartahena, da ita aka san shi, har bikinta suke yi duk shekara. Ƙullin masarar ya zama mai taushi, wanda in ka mulmula ka danna gefensa ba ya tsagewa. Ka faɗaɗa shi kamar tafin hannu, kauri ɗaya ko'ina, ka sake shi a mai kana watsa masa man a sama da ludayi har ya kumbura kamar fanke. Kumburin nan shi ne ɗakin ƙwan. Ka tsame, ka tsaga gefe kaɗan da bakin wuƙa, ka fasa ƙwai a ƙaramin kofi ka tsiyaya a hankali, ka liƙe bakin da ɗan ɗanyen ƙulli, ka rage wuta ka mayar. Naka sun fashe ne don ka yi tsagar da faɗi, ka kuma zaɓi manyan ƙwai. Ɗauki ƙanana. Ni ma sai da na ɓata kusan kiret guda kafin hannuna ya faɗa, matar nan tana tsaye a kaina ba ta ce uffan ba, sai dai ta miƙo mini wani ƙullin.

Batun jak kuwa, kada in sake jin ka kira shi tsire a gaban 'yan Jamaika na unguwar Brixton. Tsire yanka ne siriri a tsinke, wuta na kusa, ƙuli ne ke ba shi ɗanɗano. Jak hayaƙi ne da jira. Asalinsa daga Marun ne, 'yan Afirka da suka kuɓuce wa bauta suka shige duwatsun Jamaika, musamman bayan Ingila ta ƙwace tsibirin daga hannun Sifen a 1655. Naman aladun daji suke gasawa a rami, a rufe, a hankali. Mu kaza muke yi, amma hanyar ba ta sauya ba. Ruhinsa fimento ne, 'ya'yan wani itace masu ƙamshin kanumfari da kirfa a haɗe. A Boston Bay da ke yankin Portland, a kan ɗanyun sandunan itacen ake shimfiɗa naman, a rufe da kwanon rufi. Mu da ba mu da itacen, shi ya sa kake ganin ina jiƙa 'ya'yan ina watsawa a kan garwashi kafin in rufe gangar. Ka niƙa fimento da attaruhu da lawashi da ganyen tayim mai ƙamshi da citta da tafarnuwa da gishiri, ka tsattsaga kazar har ƙashi, ka cusa, ta kwana. Garwashi a gefe ɗaya, nama a ɗaya gefen, sama da awa guda. Kai kuma ka cika buɗe murfi.

Akwai abu ɗaya da ba na sassauci a kansa, shi ne aki, ɗan itacen da 'yan Jamaika suke haɗawa da busasshen kifi mai gishiri, abincin da ƙasar take tinƙaho da shi. Daga Afirka ta Yamma aka kai musu shi, shi ne wanda ake kira gwanja kusa, kuma wani kyaftin ɗin jirgin ruwan Ingila, William Bligh, ya ɗauke shi daga Jamaika zuwa Ingila a 1793. Wanda bai buɗe baki da kansa a bishiya ba yana da guba mai faɗar da sukarin jini, tana sa amai, tana kisa. Baƙin ƙwallon da jan zaren da ke ciki duk ba a ci, ruwan da aka tafasa shi ma zubarwa ake yi. A shagon nan na gwangwani kawai muke amfani da shi. Duk wanda ya kawo maka ɗanye, kada ka karɓa sai na gani. In za ka haɗa na gwangwanin, ka sa shi a ƙarshe, ka juya sau biyu kawai, in ba haka ba ya dame ya zama fate.

Abin sha ba zai ba ka wuya ba, domin ka taso da rabinsa. Sorel ɗin da 'yan Jamaika ke sha lokacin Kirsimeti zoɓo ne, da citta mai yawa da fimento. Su suna zuba masa barasa, mu ba ma zubawa, kuma ka faɗa wa mai saye tun kafin ya biya. Fanela ta Kolombiya mazarƙwaila ce, ka narkar a ruwa ka matsa lemun tsami. Lulo ne baƙo a wurinka, ɗan itace ne, bayansa ruwan lemo, cikinsa kore mai tsami. Mutanen birnin Kali na Kolombiya da hannu suke murje shi a abin shansu da ake kira lulada don a riƙa tauna tsokar, saboda haka ka nisanta shi da injin markaɗe.

Gobe ka riga ni zuwa. Akwai ɗanyar agada guda goma a ƙasan kanta na ware maka, ka fere su ka jiƙa a ruwan gishiri kada su yi baƙi. Ƙullin arefa kuma kada ka kwaɓa sai na iso, ina son ka ji taushinsa a hannuna tukuna.