Amsa ga mai neman digiri na uku a binciken maganin bakteriya

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kin ce kin gama digiri na biyu a kimiyyar sinadarai, kin iya gwada zaman magani cikin furotin da manhajar kwamfuta ta AutoDock Vina, kina neman gurbin digiri na uku inda ake haɗa sifektiroskofi, wato awon sinadari da haske, da lissafin kwamfuta. A fannin na yi nawa, bari in faɗa miki gaskiya: Vina kaɗai ba za ta kai ki ba. Masu ita sun yi yawa, kuma ba ta nuna yadda ake tsinka haɗin sinadari.

Nan kuwa aikin yake. Bakteriya na fitar da enzayim mai suna beta-laktames, irin su KPC, OXA-48 da NDM-1, ya fasa zoben da ke ba dangin fenisilin ƙarfinsu. Shi ya sa ake haɗa amoksisilin da kilabulanik asid a Augmentin, don a toshe bakin wasu ire-iren enzayim ɗin. Ganin fashewar zoben a kwamfuta sai da QM/MM, wato haɗa lissafin kwantam da lissafin motsin ƙwayoyin sinadari, dabarar da ta ba Karplus, Levitt da Warshel kyautar Nobel a 2013. Duba ayyukan Adrian Mulholland na Jami'ar Biristol, da na Neil Hunt na Jami'ar Yok kan 2D-IR, wata dabarar awo da hasken infared.

Daɗin fannin shi ne awo na ƙaryata lissafi. Zoben yana shan hasken infared wajajen 1770 a ma'aunin cm⁻¹, in ya fashe alamar ta ɓace kina kallo. Furotin kuma wajajen 1650 yake, ruwa ya zo 1640 ya rufe shi ruf. Shi ya sa muka riƙa narka samfur a ruwa mai nauyi, D2O, mu ɗiga ɗigo guda tsakanin tagogin kalsiyam fuloraid biyu, mu ɗaure a hankali. Kumfa ɗaya ta shiga, aikin wunin ya tashi. In kika kawo wannan matsalar ta ruwa a ganawa, malamin zai gyara zama.

Kafin ki rubuta wa kowa, ki zauna da tsarin kwamfuta na Linux da harshen kwamfuta na Python. GROMACS, manhajar kwaikwayon motsin furotin, kyauta ce; ORCA ma, ta lissafin kwantam, kyauta ga masu binciken jami'a. Ɗauko beta-laktames ɗaya daga PDB, rumbun siffofin furotin na intanet, ki sa shi cikin ruwa a kwamfuta ki ga motsinsa ko da na ɗan lokaci, ki aika da sakamakon cikin wasiƙarki. Kar ki cika ta da kirari.

Batun kuɗi: tun 2021 UKRI, hukumar ba da kuɗin bincike ta Birtaniya, ke ɗaukar nauyin 'yan waje, amma ba sa wuce kashi 30 cikin ɗari. Ki tambaya ƙarara ko jami'ar za ta yafe bambancin kuɗin makaranta tsakanin ɗan ƙasa da baƙo, don da yawa nan suke maƙalewa. Akwai tallafin karatu na Commonwealth, akwai na DAAD ta Jamus. Takardar ATAS kuma, izinin gwamnatin Birtaniya na karatun irin wannan fanni, ki neme ta da wuri, sai da ita ake ba da biza, kuma tana cin makonni.

Allah ya ba da sa'a.