Tambaya da Amsa: In Bar Ɗana Ya Bi Ɗaliban Yahudawa Kwas ɗin Lafiya a Afirka ta Kudu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ɗana yana shekara ta biyu a wata jami'a a Amurka, kuma burinsa ya karanci likitanci idan ya gama digirin farko. Ya sanar da ni cewa sashen nazarin Yahudanci na jami'arsu, tare da ƙungiyar ɗaliban Yahudawa, sun shirya kwas na tafiya Afirka ta Kudu a hutun bazara, domin nazarin tazarar da ke tsakanin mai hali da talaka wajen samun lafiya, kuma an ce kowane ɗalibi yana iya shiga. Hankalina bai kwanta ba. Me ya haɗa Yahudawa da wannan batu, kuma me yaron da bai zama likita ba zai amfana da shi a can? Daga wata uwa a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Bari in fara da abin da nake jin ya fi damun ki ko da ba ki ambata ba, wato addinin yaron. Yahudawa ba su da al'adar fita wa'azi domin jawo wasu cikin addininsu, kuma kwas irin wannan na jami'a ne, ana karatu, ana rubuta rahoto, ana ba da maki. Abin da zai gani shi ne wasu abokan tafiyarsa ba sa cin naman alade, ba sa haɗa nama da madara, kuma masu riƙo da addini a cikinsu suna dakatar da aiki da tafiya daga faɗuwar ranar Juma'a zuwa bayan faɗuwar ranar Asabar. A walimar da suke yi ranar Juma'a bayan faɗuwar rana akan yi addu'a a kan ruwan inabi mai sa maye, saboda haka ya bayyana matsayinsa tun kafin a tashi, ya kuma nemi a ba shi lokacin sallolinsa.

Dangane da abin da ya haɗa su da batun, akwai dalili na addini, akwai kuma na tarihi. A shari'arsu, ceton rai yana gaba da kusan dukkan sauran dokoki, har da hutun Asabar, kuma babban malaminsu Musa bin Maimun, wanda ya rasu a Masar a 1204, likita ne a fadar Alƙahira. A Amurka kuwa su kansu sun ɗanɗani wariya: a farkon rabin ƙarni na 20 manyan makarantun likitanci sun ƙayyade adadin Yahudawan da za su ɗauka, kuma wannan yana cikin abin da ya sa asibitocin da al'ummarsu ta gina suka zama mafakar likitocinsu.

Amma zaɓen Afirka ta Kudu shi ne ya fi jan hankalina, domin a can aka yi wani aiki da ya kamata duk mai son likitanci ya sani. A 1940 wasu likitoci biyu Yahudawa, mata da miji, Sidney da Emily Kark, suka buɗe cibiyar lafiya a Pholela, wani yankin karkara na Zulu a gindin tsaunukan Drakensberg, tare da Edward Jali da matarsa Amelia, ma'aikatan lafiya baƙar fata. Ba su zauna suna jiran marasa lafiya su zo ba. Sun horar da mutanen yankin suna bi gida-gida, suna rubuta yawan mutanen kowane gida, da abin da suke ci, da inda suke ɗebo ruwa, da wanda aka haifa da wanda ya rasu. Da lissafin ya nuna cewa tamowa ce ke cin yara, sai suka koma ga lambunan kayan miya a bayan gidaje, da madara, da haƙa masai. Sun kuma lura cewa mazajen da ake ɗiba zuwa ma'adinan zinariya na Johannesburg suna dawowa da tarin fuka da ciwon sanyi, wato cutar tana bin hanyar da neman abinci ya bi. Cikin kimanin shekara goma mutuwar jarirai a yankin ta ragu da fiye da rabi. Da gwamnatin wariyar launin fata ta hau mulki a 1948 sai ta riƙa janye tallafi daga irin waɗannan cibiyoyi, har ma'auratan suka bar ƙasar a ƙarshen shekarun 1950, suka ci gaba da koyar da tsarin a Birnin Ƙudus.

Amsar tambayarki ta biyu tana cikin ci gaban wannan labari. A 1957 wani ɗalibin likitanci Bayahude daga Amurka, Jack Geiger, ya je Pholela ya yi watanni yana kallon yadda ake aikin. Da ya koma gida sai ya gane cewa talaucin da ya ƙetare teku ya gani yana nan a ƙasarsa. Shi da abokan aikinsa suka buɗe cibiyar lafiyar al'umma a unguwar Columbia Point ta Boston a 1965, sannan wata a Mound Bayou ta jihar Mississippi, a tsakiyar baƙar fata masu aikin gonakin auduga. A can ya riƙa rubuta wa iyayen yara masu tamowa takardar magani ta abinci, su kai kanti a ba su, a cire kuɗin daga kason magunguna. Da jami'an gwamnati suka yi ƙorafi, sai ya amsa musu cewa maganin yunwa a littattafan likitanci abinci ne. Daga waɗannan cibiyoyi biyu tsarin ya bazu, kuma a yau miliyoyin talakawan Amurka a irinsu suke ganin likita.

Ɗanki zai tarar tazarar tana nan har yanzu. Ƙasa da mutum ɗaya cikin biyar ne ke da inshorar asibitocin kuɗi a Afirka ta Kudu, amma abin da ake kashewa a kansu ya kusa daidai da abin da gwamnati ke kashewa a kan sauran jama'a baki ɗaya, kuma wannan ne ya sa Shugaba Cyril Ramaphosa ya sa hannu a dokar inshorar lafiya ta ƙasa a Mayun 2024, dokar da ake ta jayayya a kanta. A Johannesburg babbar hanya ɗaya ce ta raba Sandton mai dogayen benaye da Alexandra, inda gidaje da dama ke tarayya a famfo ɗaya. Idan aka kai su asibitin Chris Hani Baragwanath da ke Soweto, mai gadaje sama da 3,000, zai ga mutanen da suka yi sammako tun duhun asuba suna zaune a benci da katinsu a hannu. Yaron da ya tashi a Kano ba baƙon wannan layi ba ne, kuma ina ganin zai iya fahimtar abin da ke gabansa fiye da abokan tafiyarsa da yawa, muddin ya koyi tambayar da ake so ya koya: me ya sa cuta ɗaya take kashe wannan ta ƙyale wancan, alhali garinsu ɗaya?

Akwai abu guda da nake so ki tsaya a kansa da ƙarfi. Wasu tafiye-tafiyen ɗalibai zuwa ƙasashen Afirka sun yi ƙaurin suna saboda ana barin yaran da ba su da horo suna yin allura, suna ɗinkin rauni, har suna karɓar haihuwa, abin da doka ba za ta taɓa yarda su yi a Amurka ba. Wannan cin mutuncin talaka ne, kuma ya saɓa wa manufar kwas ɗin gaba ɗaya. Ki ce masa ya nemi jadawalin a rubuce. Idan ya ga laccoci daga malaman jami'o'in ƙasar, da ganawa da ma'aikatan lafiya na unguwanni, da ziyarar da ake neman izinin majiyyaci kafin a shiga ɗakinsa, to shiri ne na ilimi, kuma ni ina goyon bayan ki bar shi ya tafi. Idan kuwa ana yi musu alkawarin za su taɓa marasa lafiya da hannunsu, ko ana tallata tafiyar da hotunan yaran mutane, ya haƙura da ita.

Sauran abubuwan masu sauƙi ne. Ya tabbatar makin kwas ɗin zai shiga sakamakon digirinsa, ya tambayi ko kuɗin ya haɗa da tikitin jirgi da inshorar lafiya, ya kuma nemi tallafi a ofishin da ke kula da karatu a ƙasashen waje. Tunda da fasfon Najeriya zai yi tafiya, ya fara neman bizar Afirka ta Kudu da wuri, ya kuma je ofishin ɗaliban ƙetare a duba masa takardun komawarsa Amurka kafin ya fita. Ki sa ya ɗauki rigunan sanyi masu kauri, domin Yuni da Yuli tsakiyar hunturu ne a can. Allah ya kai shi lafiya, ya dawo miki da shi lafiya.