Wai a Gidanmu Ba a Kai Hukuma Ƙara?

Ɗana, na ji saƙonka, har na sa ƙanwarka ta sake kunna mini shi. Da farko dariya ta kama ni, da dare kuma barci ya ƙi zuwa. Ka ce sun cire sunanka ranar tantance masu neman aikin gwamnati don shekarar haihuwar da ke takardar firamare ta saɓa da ta NIN, lauya ya ce a tafi kotun ma'aikata, kai kuma kana tambaya ko gaskiya ne a gidanmu ba a kai hukuma ƙara. Wannan magana daga bakin gwaggonka ta fito, na sani.

Ni ma an taɓa fitar da ni daga layi. A 1975 ne, shekarar da kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin da gwamnati ta yi, suka shiga hannun ma'aikata, gari ya cika da sababbin kekuna da rediyo, kowane saurayi sai aikin albashi. Aka yi shelar ɗaukar malaman daji, har lokacin En'e muke ce wa hukumar gargajiya. Akawun ya dube ni, ga ni kamar sillen kara, ya ce wannan bai kai sha takwas ba, ya soke sunana da jan biro. Takardar haihuwa kuwa ba mai ita a unguwarmu.

Na koma gida ina huci, na ce sai gaban alƙali. Kakanka yana tufkar igiyar guga, ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce, "Shari'a mace ce da ciki." Da asuba ya sa rigarsa ta Sallah, ya ƙunshe goro a ganye, muka taka zuwa zauren dagaci. Aka aika kiran unguwarzoma. Ta zo tana dogara sanda, ta zauna daga bakin ƙofa, ta ce ita ta yanke mini cibiya, da hunturun da Sarauniyar Ingila ta zo Kaduna aka yi mata hawan daba. Malamin dagaci ya lissafa da yatsu: 1956, sha tara ke nan. Ya rubuta, aka buga hatimi. Akawun nan a tsaye ya karanta, ya mayar da sunana, kakanka ya yi masa godiya har da rusunawa. Kuma kakan naka ne dai ya yi damina biyu yana sintirin kotu a kan gonarmu ta fadama.

Abin da ya hana ni barci daban ne. Wa ya taɓa shekarun nan? Ku 'yan yanzu sai mutum ya je ya yi rantsuwar shekaru, ya zaftare biyu, ba ko gezau. Kakarka takan ce ramin ƙarya ƙurarre ne. Na san neman aiki ya yi zafi, ban manta da matasan da suka rasu a turmutsutsun aikin shige da fice a Abuja cikin Maris na 2014 ba. Sai dai kwamfuta ba ta sauraren unguwarzoma.

Kafin ka ba lauya ko kwabo, akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a da aka kafa zamanin Murtala, ba a biyan kuɗi a can. Ka zo ranar Juma'a da takardun duka, har katin rigakafin da mahaifiyarka ta adana a ƙasan kwalla. Ranar sunanka ni na riƙe ragon.