Nisan Kano zuwa Jidda ta jirgin sama

Malam, ka tambayi nisan da ke tsakanin Kano da Jidda ta sama, da kuma sa'o'in da mahaifiyarka za ta yi zaune a cikin jirgi idan za ta tafi Umara. A miƙe, nisan ya kai kimanin kilomita 3,400, kuma jirgin da ba ya yada zango yakan ci wannan tafiya cikin sa'o'i huɗu da rabi zuwa biyar.

Sai dai wannan lissafi ya dogara ne ga hanyar da aka saba bi, wadda ta ratsa Chadi da Sudan sannan ta tsallaka Bahar Maliya. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, an rufe sararin samaniyar ƙasar, dole jiragen alhazan Najeriya suka riƙa zagayawa, tafiyar ta ƙara tsawo ƙwarai, abin da na ga yana galabaitar da tsofaffi. Saboda haka ka tambayi kamfanin jirgin hanyar da zai bi kafin ka biya kuɗin tikiti, kuma wajen duba lokacin sauka ka tuna cewa agogon Saudiyya yana gaban na Kano da sa'o'i biyu.