Me ya sa sababbin masu gyara Wikipedia ba sa dawowa?

Tambaya: Muna koya wa matasa gyaran Wikipedia ta Hausa a garinmu. Ranar taro ɗaki ya cika maƙil, bayan mako biyu a neme su a rasa. Ina gizo ke saƙar?

Amsa: Malama, ba ku kaɗai ba ne. Ko a Wikipedia ta Turanci, yawan masu gyara ya kai ƙololuwa a 2007, daga nan ya fara raguwa, kuma masu bincike sun danganta hakan da saurin soke aikin sabon shiga, sau da yawa ba tare da wani ya yi masa bayani ba. Yaro ya ƙona datarsa ya rubuta tarihin unguwarsu, washegari ya tarar an goge don babu madogara. Wa zai dawo?

Saboda haka kada ku fara su da sabuwar maƙala, ita ce aiki mafi wuya. Ku ba su abin da zai tsira: gyara ƙ, ɗ da ɓ a inda aka rubuta su ba lanƙwasa, haɗa wata maƙala da wata, ko ƙara madogara ɗaya daga jarida ko littafi. Su yi da VisualEditor, manhajar gyara da ke nuna shafi yadda mai karatu zai gan shi, wadda ke aiki tun 2013, ba sai sun haddace alamomin rubutun wiki ba. Manhajar fassara kuwa ku ja musu kunne a kanta. Hausar da na'ura ke zubowa, in ba a gyara ba, kunya take jawowa, kuma ita ma gogewa ake yi.

Akwai kuma cikas na ranar taro. Asusu shida kawai ake bari a buɗe a rana daga adireshin intanet ɗaya, don haka kowa ya yi rajista tun daga gida. Wani kuma zai ga an toshe shi bai yi laifin komai ba, adireshin layin wayarsa ne toshewar ta shafa. Ana iya neman a keɓe asusunsa daga toshewar, amma a nema da wuri.

Abin da na fi ba muhimmanci shi ne mutum. Ku raba su ga tsofaffin hannu, kowane ya riƙe biyu ko uku na wata guda, ya duba gyaransu, ya danna musu maɓallin godiya, in sun yi kuskure ya rubuta musu dalili a shafin tattaunawa kafin ya soke.