Amsa ga ƙanena mai shirin zuwa karatu Ingila, a kan kalmar "hideous"

Assalamu alaikum ƙanena. Na ga saƙonka inda ka ce ka ci karo da kalmar "hideous" a cikin shirin jarrabawar IELTS ta gwada ƙwarewa a Turanci, ƙamus ya fassara maka ita da mummuna ƙwarai, kuma kana tambaya ko za ka riƙa sa ta a madadin "ugly" domin Turancinka ya ƙara armashi. Fassarar ƙamus ɗin daidai ce, sai dai ba ta faɗa maka nauyin kalmar ba, kuma nauyin ne zai iya jawo maka matsala idan ka iso.

Da farko ka gyara furuci. Ana cewa "hidiyas", gaɓa uku, ana danna ta farko. Ba ta da dangantaka da kalmar "hide" mai nufin ɓoyewa, duk da kamar da suka yi a rubuce, kuma ni kaina na daɗe ina cewa "haidiyos" kafin wani abokin karatu ya ja ni gefe ya gyara mini.

Asalinta daga tsohon Faransanci ne, daga wata kalma mai nufin tsoro ko firgita, kuma ta shiga Turanci wajen shekarar 1300, cikin ɗimbin kalmomin Faransanci da suka kwararo bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila da yaƙi a 1066. Wannan tsoron bai bar jikinta ba har yau. Abin da ake kira "ugly" shi ne wanda ba shi da kyan gani, ka kalle shi ka wuce. Wanda ake kira "hideous" kuwa shi ne wanda muninsa ke sa mutum ya kawar da kai, tsigar jikinsa ta tashi, kamar mummunan rauni ko fuskar dodo a tatsuniya. Saboda kalmar ta riga ta kai ƙarshen muni, ba a cika sa mata "very" a gaba ba. Abin da kunnen Bature ya saba ji shi ne "absolutely hideous".

Abin da zai ba ka mamaki shi ne yadda mutanen nan suke sakin wannan kalma mai nauyi a kan abubuwan da ba su taka kara sun karya ba. Za ka ji mace ta kira labulen ɗakinta da ita, ko rigar sanyin da aka ba ta kyauta, ko cunkoson motoci da ruwan saman da ya ƙi ɗaukewa, kuma ba wanda zai ɗaga kai, domin kowa ya san zuguguwa ce irin ta hira. Haka kuma suna cewa abu "hideously expensive", wato tsadarsa ta wuce hankali, kuma wannan za ka faɗe shi da bakinka ranar da ka fara neman ɗakin haya a Landan.

Gine-gine su suka fi shan wannan suka. A 1984 Yarima Charles, wanda shi ne sarki yanzu, ya kwatanta wani ƙarin gini da aka tsara yi wa babban gidan ajiye zane-zane na ƙasa da ke dandalin Trafalgar da ƙaton maruru a fuskar aboki abin ƙauna, kuma daga baya aka yi watsi da tsarin. Daga wannan maganar ce wata mujallar masu zanen gini ta samo sunan kyautar da ta ƙirƙiro a 2006 domin ginin da ya fi kowane muni a shekara, wato "Carbuncle Cup", ma'ana Kofin Maruru. A 2015 dogon benen nan na Landan da ake wa laƙabi da Walkie Talkie ya lashe ta, wanda gilashinsa ya taɓa tattara zafin rana har ya narkar da sassan wata mota da aka ajiye a titi. Idan ka tsaya gabansa ka kira shi "hideous", mai yiwuwa na kusa da kai ya gyaɗa kai.

A kan ɗan Adam ne lamarin yake sauyawa gaba ɗaya. A gida muna da wasan taubasai da na ƙabilu, inda za ka ce wa mutum mummuna a gaban jama'a ya rama, a yi dariya a tashi. Abokin aikinka ko abokiyar karatunka a nan ba su san wannan wasa ba, kuma idan ka siffanta fuskar wani ko jikinsa da wannan kalma, abin da za a ji shi ne kana cewa ganinsa abin ƙyama ne. Dokar daidaito ta Birtaniya ta 2010 ta ɗauki mummunan tabo ko canjin halitta mai tsanani a matsayin nakasa, don haka irin wannan furuci a kan mai ƙuna a fuska na iya kai ka gaban kwamitin ladabtarwa na jami'a ko na wurin aiki. Na nanata wannan ne saboda ɗalibanmu da yawa suna samun aikin wucin gadi a gidajen kula da tsofaffi da marasa lafiya, inda ake rubuta rahoton abin da aka gani kullum. A irin wannan rahoto ana bayyana girman rauni da launinsa da wurin da yake, ba a sa kalmar da ke nuna ƙyamar mai rubutu.

Game da jarrabawar taka, a ɓangaren magana za ka iya amfani da ita idan aka ce ka siffanta wani gini ko tufafin da ba ka so, kuma za ta zauna daidai. A rubutun insha'i kuwa ta cika ɗaukar motsin rai, gara ka zaɓi "unattractive" ko "unsightly". Idan kuma batun babban laifi ne kamar kisan kai, kalmar da alƙalai da 'yan jarida suka fi amfani da ita ita ce "heinous", wadda ake furtawa "heinas", kuma ɗalibai suna yawan rikita su biyun saboda kamar da suka yi a rubuce. Ka gaida su Baba da mutanen gida.